Jarkar da Ta Biyo Ni Daga Fogo

San Filipe, tsibirin Fogo
Farkon Agusta, 2002

Zuwa ga 'yata Armanda,

Ina gargaɗinki tun kafin gaisuwa: idan kin gama karanta wannan takarda, kada ki zauna can Amurka ki rubuto min wasiƙar roƙo a kan ƙaninki. Na san halinki, tun kuna ƙanana ke ce mai share masa sawu idan ya yi ɓarna. Kada kuma ki karanta ta a gaban yara, don ba na so jikokina su tashi suna jin ana ambaton giya kamar sana'a ce irin ta kafinta ko ta masunci.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya aiki, yaya tarin ƙaramin? Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da kika sani. Kayan da kika aiko sun iso, Ubangiji ya saka miki. Takalmin ya yi min daidai, amma rigar ta cika ja ga mace mai shekaruna, na ba 'yar maƙwabta.

Za ki yi mamakin ganin sunan wannan gari a saman takardata. Jiya na baro tsibirinmu Brava. Kin san shekara uku ke nan da na faɗa wa ƙaninki Aderito cewa muddin yana aikin giyar inabi a Cha, can saman dutsen Fogo mai aman wuta, kada ƙafarsa ta taka gidana. Ya bi maganata sarai, har ya wuce yadda na so. To, a watan jiya ya rubuto min layi kaɗan cewa matarsa Idalina ta sauka lafiya, an sami mace, sun sa mata suna Lia. Na ajiye takardar a cikin Littafi Mai Tsarki, na yi ta addu'a, na ga ba daidai ba ne jinina ya zo duniya ban gani ba. Zan hau in ga yarinyar, in kuma faɗa wa ubanta maganata ta ƙarshe. Kawunku ya ce har yanzu akwai masa wuri a shagon katako. Ko ya bar wancan aiki ya dawo gida da iyalinsa, ko in san cewa ɗa ɗaya gare ni, kuma ita ce ke.

Kada ki ce na yi tsauri. Ke ba ki san kakanki ba, ni na san shi. Mutum ne mai hannu, babu wanda ya kai shi iya jera dutse a duk Brava, amma barasar rake ta mai da shi abin da yara suke bi suna tafi. Ranar da aka ɗauko gawarsa daga ƙasan kwari ina shekara goma sha biyar, kuma a makon na tsaya gaban majami'a na yi alkawari abin maye ba zai taɓa harshena ba. Da wannan alkawari na yi aure, da shi na rene ku bayan rasuwar ubanku. Ba zan zuba ido ɗana ya kwana ya tashi a cikin ganguna ba.

Tekun ta yi mana kirki a hanya. Mun sauka da hantsi, na hau motar haya zuwa cikin gari, na sauka gidan Zulmira, 'yar gwaggona mai sayar da kifi. Tana nan yadda kika san ta, ta ƙara ƙiba, bakin kuwa bai ragu ba. Tana ganina ta leƙa jakata, ta ce wai yaƙi na zo ko ganin jika, don ba ta ga komai ba sai Littafi da man zafi. Bargon da na saƙa wa jaririyar yana can ƙasan jakar, ba sai na yi shela ba.

Da yamma muka zauna a dandalin da ke kallon teku. Daga nan ana hango Brava kamar an kifa ƙwarya a kan ruwa, da hazonta a ka. Masunta suna jawo kwale-kwale kan baƙin yashi, mata suna ta rigimar farashi, tsofaffi suna dara a inuwa. Gari ne mai natsuwa, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai zafinsa ya fi namu, kuma duwatsun titunansa ba su san darajar gwiwa ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne kowa maganar kakar inabi yake yi. Mai gidan burodi, direba, har yaran makaranta. Na ga Turawa da gajeren wando suna neman motar da za ta kai su sama, wai za su je ɗanɗano. Mutum ya bar ƙasarsa ya ƙetare teku don ya ɗanɗani abin da zai raba shi da hankalinsa, ai wannan sai addu'a.

Zulmira ta ce Aderito ya yi suna a wurin aikinsa, wai hancinsa da harshensa ake jira kafin a buɗe kowace ganga. Ta ɗauka daɗi zan ji. Na ce mata ko ɓarawo ma ana yabonsa da sauri.

Gobe da safe zan hau. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa min kan yara. Ki riƙa sa su addu'a kafin su ci abinci, ko da abincin gwangwani ne.

Mahaifiyarki,
Gertrudes

San Filipe
Tsakiyar Agusta

'Yata Armanda,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Na je na dawo, ga ni a gidan Zulmira ina jiran jirgi. Teku ta tashi, an ce babu ƙetarawa sai ta kwanta. Tunda zama ya kama ni, bari in ba ki labari daki-daki.

Cha tana nan cikin ramin dutsen, baƙa ƙirin, ko'ina toka da ƙonannen dutse tun aman wutar da ya wuce. Babu rafi, babu rijiya. Amma duk inda kika duba sai ki ga an haƙa ɗan rami a cikin tokar, kurangar inabi tana kwance a ciki tana jan ciki a ƙasa, kore shar, nonon inabi har yana taɓa toka. Na daɗe ina kallo ta tagar mota. Ikon Allah ba ya neman izinin kowa.

Aderito ne ya tarye ni. Ya rame kaɗan, ya ajiye gemu, rana ta ƙona shi. Ya sunkuyar da kai ya miƙo hannu ya nemi albarka kamar yadda na koya muku. Na sa masa, don albarka ba a hana ta, amma na gajarta. Na lura da idonsa, fari ne tas. Na lura da tafiyarsa, a miƙe take. Na matso sosai lokacin da yake karɓar jakata, ban ji warin komai ba sai zufa.

Lia kuwa, Armanda, goshinki ta ɗauko, da ƙananan kunnuwan ubanku. Da aka sa min ita a hannu ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Idalina yarinya ce mai kunya da tsabta, na duba bayan tukwanenta da ƙarƙashin gado, ban sami abin faɗa ba. Ta karɓi bargon da hannu biyu.

Matsalar ta zo daga ubanta, Nho Fortunato, wanda suke zaune a gidansa. Tsoho ne dogo, ƙafafunsa sun rine da taka inabi, bakinsa kuma ba ya hutawa. Ban ko gama shan ruwa ba ya ja ni zuwa wani ɗaki mai duhu a bayan gida. Ashe al'adar gidansu ce, idan aka yi haihuwa ana ware ganga guda da sunan jaririn, kuma ba a buɗe wa kowa ita sai kakanni na ɓangare biyu sun fara ɗanɗanawa sun ce ta yi. Wai tun haihuwar Lia suke jirana, har maƙwabta sun fara tsegumi. Ya tsiyayo a ƙaramin kofi ya miƙo min, mutanen gida duk sun tsaya a bakin ƙofa.

Na ce masa na gode, ba na sha. Ya ce ba sha ya ce in yi ba, ɗanɗano. Na ce a wurina duk ɗaya ne. Bai sauke hannunsa ba. Sai ya kira ni da sunana na gida cikin girmamawa ya ce, “Nha Tuda, dutsen nan ya cinye min gona ina kallo, na dawo na haƙa waɗannan ramuka da farcena. Ba guba nake miƙa miki ba, sunan jikarki ne.” Na ce masa jikata ba ta buƙatar ganga kafin ta yi suna. Aderito yana tsakaninmu, ya rasa wanda zai kalla.

Idalina ce ta raba gardama. Ta sulale ba wanda ya gani, ta dawo da wani kofin, ta ce daga kwamin da aka taka inabi a safiyar ranar ta ɗebo, bai ko yi rabin yini ba. Na dubi Aderito, ya ce min ruwan inabi ne zalla, ko jariri zai iya sha. Na kurɓa. Armanda, ban taɓa sa abu mai zaƙi da ƙamshi irin wannan a bakina ba. Na ce ya yi. Tsohon ya yi ɗan tunani, ya ce to ai kuranga ɗaya ce ta haife su, ya karɓa. Ya shanye nasa kofin, aka kawo cukun akuya da dafa-dukan masara da wake, aka ci.

Washegari Aderito ya roƙe ni in je in ga inda yake aiki, a ɗakin ƙungiyar manoma. Na je don kada a ce na yi hukunci da ji. Wurin a wanke yake fes, ya fi wasu asibitoci. Na zauna a gefe ina kallo yana bi ganga ganga, ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya a baki, ya furzar a bokiti, ya kurkure da ruwa. Baƙin da suka zo ɗanɗano su kam haɗiyewa suke, suna lumshe ido suna gyaɗa kai kamar masu jin wa'azi. Ya ce min shi tun da ya fara aikin bai taɓa haɗiyewa ba. Na ce mai wasa a bakin rijiya ba ya alfahari da cewa bai faɗa ba tukuna. Na kuma tambaye shi abin da suke zubawa a ruwan nan mai daɗi har ya zama abin da yake zama. Ya ce ba a zuba komai. Na ce ya kiyayi yi wa uwarsa ƙarya, ruwa ba ya tsami banza.

A nan dabara ta zo min. Na ce a cika min jarka da sabon ruwan, in kai wa matan zumunta na majami'armu, su ɗanɗani kyautar Allah yadda take kafin hannun mutum ya lalata ta. Aderito ya ce, “Mama, wannan ba ya ajiyuwa, in dai ba—” Na katse shi. Na ce tun ba shi da haƙori nake ajiye abinci a gida babu firiji, ba shi zai koya min ba. Nho Fortunato da kansa ya wanke jarkar ya cika ta, yana ta murmushi, ya ce in dai zan riƙa sassauta murfin kowace safiya ta sha iska, shi ba shi da ta cewa. Na ga tsohon ya fara hankali.

Kafin in shiga mota na ja Aderito gefe na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ba shi zuwa Kirsimeti. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya gyara min jakata a ƙafa.

Jarkar tana ƙarƙashin gadona a nan. Ban nuna wa Zulmira ba, don gidanta abin da ya shiga baki ba ya kwana. Kullum ina sassauta murfin, tana yin ɗan huci, in kwashe kumfar da ta taso da cokali mai tsabta. Shekaranjiya direban Cha ya tare ni a kasuwa, wai Aderito ya ce don Allah in tafasa ruwan. Na ce ya koma ya ce masa na ji. Wa ya taɓa tafasa ruwan 'ya'yan itace? So yake ɗanɗanon ya mutu, hujjata ta mutu tare da shi.

Ki gaishe da kowa. Ki sa ƙaninki a addu'a, shi ne abin da ya fi wasiƙar roƙo amfani.

Mahaifiyarki,
Gertrudes

Brava
Ƙarshen Agusta

'Yata Armanda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, yara suna shirin komawa makaranta. Na iso gida lafiya. Kaji suna nan, maƙwabta sun kula da su, sai dai furannin bakin ƙofa sun yi yaushi.

Akwai abin da zan faɗa miki, gara ki ji daga gare ni, don mutanen Brava da ke wajenku sun fi na nan yawa, kuma waya ba ta da shinge. Ki karanta a zaune. Idan dariya ta zo miki, ki tuna wadda ta haife ki.

Teku ta riƙe ni a San Filipe fiye da mako. Da na dawo, taron zumunta ya faɗo a gidana ranar Alhamis da la'asar. Na tace ruwan da farin ƙyalle, na sa shi a tulu ya yi sanyi, na soya ƙuli-ƙulin masara na jera kofuna. Da na ɗanɗana a kicin na ji zaƙin ya ɗan ragu, yana kuma ɗan cizon harshe kamar lemon kwalba. Na ce girgizar jirgi ce. Matan suka zo, muka yi addu'a, na tashi na yi musu jawabi mai kyau, ko da ni na faɗa. Na ce ga abin da Ubangiji ya halitta, mai tsarki, mai daɗi, su sha su gani, sannan su tuna cewa giya ba ta shiga gida sai mugun hannu ya kai ta. Aka ce amin, aka sha. Kowa ta yaba, aka ƙara. Ni ma na ƙara.

Waƙar da muka yi a ranar ba mu taɓa yin irinta ba. Muka gama ta farko muka kama ta biyu babu wanda ya ce a kama. Ma'ajiyarmu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta riƙa tafi tana buga ƙafa. Matar fasto ta tuna marigayiya mahaifiyarta ta fashe da kuka, daga nan kuma ta koma dariya. Ni kuwa na ji kunnuwana sun yi ɗumi, gwiwata ta daina ciwo, har na ce a raina lallai yau Ruhu ya sauko.

Kin tuna Nha Bibi, tsohuwar nan mai sanda da take zama a layin gaba? A ƙuruciyarta ta yi aure a Fogo kafin ta tuba. Ta miƙo min kofinta a karo na uku, ta ce rabonta da wannan tun tana amarya, wa ya haɗa min? Na ce babu wanda ya taɓa shi sai ni. Ta tambayi kwanansa, na faɗa mata. Ta tambaya ko ina buɗe murfin, na ce kowace safiya, har kumfa nake kwashewa. Ta dube ni da tausayi, ta ce, “To, Tuda, ke kika haɗa. Kuma hannunki ya yi kyau.”

Ban gane ba sai da ta yi min dalla-dalla. Ashe gaskiya ne ba a zuba komai. Ruwan da kansa yake juyawa, zaƙin nan nasa shi ne yake zama abin, ba ya neman komai sai ɗumi da kwanaki da mai kula da shi. Duk ukun na ba shi. Ta ce tafasawa ce kaɗai take tsayar da shi.

Ba zan ɓoye miki komai ba. Alkawarin shekara arba'in da wani abu, kofi biyu suka karya shi, a ɗakina, da Littafi a buɗe a kan tebur. Ban tsaya a kaina ba, na shayar da matan majami'a har da matar fasto. Na sa aka dafa musu gahawa mai ƙarfi, aka raka kowa gida, ma'ajiya kam sai da aka tashe ta daga barci. Ragowar na tuttular a gindin ɓaure.

Da safe na je wurin fasto na faɗa masa komai a tsaye. Ya riƙa tari yana rufe baki da hankici, na san ba tari ba ne. Ya ce babu laifi inda babu niyya, alkawarina yana nan daram. Na ce masa ban zo neman rangwame ba. Ranar Lahadi na tashi a gaban jama'a na faɗa da bakina, don kada wani ya faɗa da nasa. Duk da haka jiya a kasuwa mai tumatir ta tambaye ni ko yaushe zan sake buɗe ganga. Na biya ta kuɗinta na wuce, kaina a sama.

Da farko duk fushina a kan Nho Fortunato ya sauka. Tsohon nan ya sani sarai, murmushin nan nasa ba na hankali ba ne. Na ƙi karɓar kofinsa a gaban iyalinsa, shi kuma ya bar ni na ɗauki jarka guda da hannuna. Amma Nha Bibi ta ce in gode masa, don da bai ce in sassauta murfin ba, da jarkar ta fashe a cikin jirgi ta yi min wanka a gaban mutane. Na nemi ƙaryar da ya yi min, ban samu ba. Na nemi wadda Aderito ya yi min, ita ma ban samu ba.

Wannan na biyun shi ne yake hana ni sakewa. Ina shara ina tunaninsa, ina ba kaji tsaba ina tunaninsa. Ban yanke komai ba tukuna. Kada ki rubuta masa, kada ki kira shi, magana ce tsakanina da shi.

Ki gaishe da maigidanki. Idan labarin ya riga ya kai masa, ki ce masa surukarsa tana nan da ranta, kuma ba ta manta ranar da ya zo neman aurenki da takalmi wari da wari ba.

Mahaifiyarki,
Gertrudes

Brava
Satumba

Zuwa ga ɗana Aderito,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Idalina da Lia. Yaya jikin mai jego, yaya ƙarshen kaka? Ina fatan yarinyar tana samun nono sosai, kuma kuna rufe mata kai, don sanyin safiyar Cha ba na wasa ba ne. Ni lafiya lau. An yi ruwa sau biyu, masara ta fara kyau.

Na san labari ya riga takardata ƙetare teku, saboda haka ba zan maimaita shi ba. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, ban da cewa na yi rawa. Ban yi rawa ba.

Ka faɗa min ba a zuba komai, na ce ƙarya kake. Ka fara yi min gargaɗi, na katse ka. Ka aiko direba har kasuwa, na mai da shi. Na zauna na auna, na ga a duk tsibirin Fogo mutum ɗaya ne ya damu da kada alkawarina ya karye, kuma shi ne wanda na rufe wa ƙofa saboda wannan alkawari. Ka fi ni tsare shi. Ban saba faɗin irin wannan magana ba, kuma ba zan sake faɗa ba, don haka ka adana takardar.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Giya ta kashe kakanka, kuma tana kan kashe 'ya'yan mutane. Aikinka ba ya burge ni, har gobe na fi so in ga hannunka da ƙurar katako. Zan ci gaba da roƙon Ubangiji ya fitar da kai, kai kuma ka ci gaba da furzarwa a bokitin nan, ranar da ka haɗiye zan sani ko ina ina. Amma ni da na ce giya ba ta shiga gida sai da mugun hannu, ga shi ta shiga nawa da hannuna, a wanke, da addu'a. Ba ni da bakin da zan ce ɗana mugu ne don yana tsaye kusa da ganga.

Wa'adin Kirsimeti yana nan, sai dai abin da ke cikinsa ya canza. Ka zo, da matarka da 'yarka, ko ka bar aikin ko ba ka bari ba. Na sa an gyara rufin ɗakinka, kawunka kuma yana haɗa ɗan gadon jariri. Idan teku za ta tashi a lokacin, ku taho da wuri.

Ka gaishe da surukinka. Ka ce masa ya ci wannan karon, kuma na ji an ce hannuna ya fi nasa, sai dai na yi ritaya. In yana so ya biyo ku, akwai katifa, zai kuma sha ruwan sanyi da gahawa har ya gode Allah. Ka gaishe da Idalina da kyau, ka ce mata na ga abin da ta yi a ranar, yarinya ce mai kai. Ka sumbaci Lia a goshi.

Tsohuwar dokar da na kafa a kanka na janye ta. Ga wadda ta maye gurbinta, ka karanta wa duk wanda zai biyo ka: daga yau ƙofar gidana a buɗe take ga kowane mutumin Cha, amma daga kurangar inabi babu abin da zai shigo sai wanda ake taunawa. Duk abin da ake tsiyayawa, sabo ne ko tsoho, a kwalba ko a jarka, ko wa ya riƙo shi, ko da ni ce, a bakin tashar jirgi zai tsaya.

Mahaifiyarka,
Gertrudes